Katantanwar teku mai buɗewa dama: yadda za ka gane ta gaske kafin a biya kuɗi

Ƙanena, na karanta tambayarka. Ka ce kana karatu a birnin Chennai da ke kudancin Indiya, kuma mahaifiyar abokin karatunka, wadda ta riƙe ka kamar ɗanta, ta daɗe tana tara kuɗi don ta sayi katantanwar teku mai buɗewa ta dama, wadda mabiya addinin Hindu ke girmamawa. Wani ɗan kasuwa ya turo musu hotuna da farashi mai nauyi, suka ce ka taya su dubawa tunda kana karatun kimiyya. Kana so ka san yadda ake bambance ta gaske da sauran katantanwu.

Ka yi daidai da ka tsaya tambaya. Na daɗe ina aiki a kan halittun ruwa masu ɓawo, kuma a cikin duk cinikin da ake yi da su ban ga inda ake cutar bayin Allah kamar wannan ba. Abin da ke sa cutar ta yi sauƙi shi ne kowa yana zuwa da tambaya ɗaya a ransa: ta wane gefe ta buɗe? Alhali tambayoyi biyu ne, kuma waccan ita ce ta biyu. Ta farko ita ce: wannan wace irin katantanwa ce? In ba a amsa ta farko ba, amsar ta biyu ba ta da wani amfani.

Katantanwar da ake magana a kanta, wadda Indiyawa ke kira shankha, ɓawon wata dabbar teku ce guda ɗaya tak, mai suna Turbinella pyrum a wajen masana. Masanin halittu Linnaeus ne ya fara bayyana ta a 1767. Tana zaune a ƙasan teku mai yashi, a ruwa marar zurfi sosai, tana cin tsutsotsin da ke cikin yashin. Gidanta shi ne gaɓar Indiya da Siri Lanka, musamman mashigin Mannar, wato tsakanin Tamil Nadu da Siri Lanka, sai kuma can arewa maso yamma wajen Gujarat. Garuruwan Thoothukudi da Rameswaram da Kilakarai sun yi suna da masu nutso suna tsamo ta, kuma Musulmin Kilakarai sun daɗe a cikin fataucinta. Ba abu ne na jiya ko shekaranjiya ba. A kufan Harappa da Mohenjo-daro, garuruwan da suka haura shekara 4000, an tono awarwaron da aka yanka daga wannan ɓawo. Har gobe matan aure 'yan Hindu a Bengal suna sa farin awarwaro na shankha, kuma a tsohon birnin Dhaka akwai unguwa guda mai suna Shankhari Bazar, ta masu wannan sana'a. Ita ce kuma ake yanke wa tsini a riƙa busawa a wuraren bautarsu. Wannan duk ta yau da kullum ce, ana samun ta birjik, kuma ba ta da tsada.

A cikin wannan jinsi, can ba a rasa ba, akan sami guda wadda murɗinta ya juya saɓanin na 'yan'uwanta, tamkar an kalli ta yau da kullum a madubi. Ita ce dakshinavarti, ko valampuri a harshen Tamil da kake ji kullum. Mabiya Hindu suna danganta ta da allolinsu Vishnu da Lakshmi, ba a cika busa ta ba, ajiye ta ake yi a wurin ibada. Mabiya Buddha na Tibet ma suna lissafa farar katantanwa mai juyawa dama cikin alamominsu takwas masu albarka. Darajarta ta kai har tsohuwar masarautar Travancore da ke kudancin Indiya ta ɗauki katantanwa a matsayin tambarinta, kuma tana nan a tambarin jihar Kerala. Abin da suka yi imani da shi game da arziki da albarka lamarin addininsu ne, ni da kai ba shi muka yarda da shi ba, kuma ba shi aka tambaye mu ba. Abin da aka tambaye mu shi ne ko abin da za a miƙa wa baiwar Allahn nan shi ne abin da ta biya. Wannan haƙƙi ne, kuma kimiyya tana da amsarsa.

Sai ka fara warware rikicin dama da hagu, don shi kaɗai ya isa ya ruɗa mutum. Ka tuna katantanwar dodon koɗi da muke murzawa a ƙasa muna yara. Ɗauki ɗaya a ranka, ka sa tsininta sama, bakinta yana kallonka. Za ka ga bakin yana gefen damanka. Haka kusan tara cikin goma na jinsunan dodon koɗi suke, na tudu da na ruwa, kuma haka shankha ta yau da kullum take. Masana kimiyya da wannan riƙo suke aiki, don haka ta yau da kullum ce suke kira mai dama, wadda ba a cika samu ba kuma su kira ta mai hagu. Indiyawa kuwa akasin haka suke riƙe ta: tsini ƙasa ko wajen jikin mai riƙo, siririyar wutsiyar tana sama. Da ka juya ta haka, bakin da ke hagu ya koma dama. Saboda haka "mai dama" a bakin mahaifiyar abokinka da "mai hagu" a littafin makarantarku abu ɗaya ne. Na sha ganin ɗan kasuwa ya ci kuɗin mutum da wannan kaɗai: ya ɗauko ta yau da kullum, ya riƙe ta tsini sama, ya ce ai ga baki nan a dama. Bai yi ƙarya a kan abin da ido ya gani ba, amma ya yi zamba. Maganin wannan mai sauƙi ne. Ku sayi shankha ta yau da kullum ta 'yan rufi (kuɗin Indiya) kaɗan, ku ajiye ta gefe da gefe da wadda ake tallar, duka su fuskanci wuri ɗaya. In bakunansu suna gefe ɗaya, magana ta ƙare.

Tunda hoto aka turo muku, ka sani waya tana juya hoto da taɓawa ɗaya, dama ta koma hagu. Kada ku karɓi hoton da babu rubutu a cikinsa. Ku ce ya ɗora katantanwar a kan jaridar ranar, ya ɗauka. In an juya hoton, rubutun zai fito a birkice.

To, a ce ta tsallake wannan, da gaske bakinta yana saɓanin na sauran. A nan ne mafi yawan mutane ke zaro kuɗi, kuma a nan ne babban tarkon yake.

A can gaɓar Amurka, daga wajen Carolina ta Arewa zuwa Florida har mashigin Meziko, akwai wata katantanwar teku wadda ita haka Allah ya halicci jinsinta gaba ɗaya: kusan kowace ɗaya a juye take. Sunanta a kimiyya Sinistrofulgur, a tsofaffin littattafai kuma za ka gan ta da sunan Busycon. Mutanen can suna kiranta da sunan walƙiya, saboda zane-zanen ruwan ƙasa da ke gangarowa a jikin ƙananansu. Tana da yawa har jihar Texas ta ɗauke ta a matsayin katantanwar jiha a 1987, kuma yara na tsintar ta a bakin ruwa. Ita ake lodowa a kai Indiya, a jiƙa a bilic ko asid har zanen ya goge ta koma fara fat, a goge ta da inji ta yi sheƙi, a naɗe a jan ƙyalle, a kira ta dakshinavarti. Kusan duk abin da za ka gani a shaguna da intanet da wannan suna, ita ce.

Na taɓa tsayawa a wani shago kusa da wani babban wurin bauta a kudancin Indiya. Mai shagon ya jawo kwando daga ƙarƙashin tebur, cike da katantanwu farare, sun fi talatin, duka masu buɗewa dama, an jera su girma-girma kamar ƙwarya a kasuwa. Wata tsohuwa na gefena ta kwance bakin zaninta tana ƙirga takardun kuɗi da suka sha naɗi. Ban ma taɓa ko ɗaya ba na san amsar, domin kwandon kansa shaida ne. Mai nutso yakan ƙare rayuwarsa a teku, dubbai su bi ta hannunsa, bai ci karo da ta gaske ko sau ɗaya ba. Wanda ya ce maka yana da talatin, ko ya tambaye ka girman da kake so, ya riga ya gaya maka daga inda kayansa suka fito. Abin ya tsaya mini a rai har yau, don tsohuwar nan da zuciya ɗaya ta zo.

Ga yadda za ka raba su, kuma abu na farko ya fi duk sauran muhimmanci. Leƙa cikin bakin katantanwar da tocila, ka dubi bangon ciki, wato ginshiƙin da duk jikin ya naɗe a kansa. A shankha ta gaske, ko mai dama ko mai hagu, za ka ga wasu tudu-tudu a kwance a jikin ginshiƙin, kamar kunyoyin gona, galibi uku ko huɗu, masu kauri, a jere ɗaya bisa ɗaya. Sa yatsa za ka ji su sarai, yatsanka yana hawa yana sauka. 'Yar Amurka ba ta da su ko kaɗan. Ginshiƙinta sumul yake, yatsa zai zame tun daga sama har wutsiya. Da tsohuwar nan ta san wannan kaɗai, da kuɗinta suna bakin zaninta.

Sai nauyi. Shankha tana da kauri ƙwarai, ɓawonta kamar tangaran, shi ya sa ma ake iya yanka awarwaro daga jikinta. In ka ɗora ta a tafin hannu za ka ji ta fi yadda ido ya kimanta, kamar ka ɗauki dutse. 'Yar Amurka mai irin tsawonta shafal take, leɓen bakinta siriri ne, wani lokaci in ka ɗaga ta a rana haske yana ratsa shi. Siffa ma ta bambanta. Shankha a cike take, kafaɗarta a zagaye, wutsiyarta gajera ce mai kauri. Ita kuwa waccan kanta a baje yake, da 'yan ƙulle-ƙulle masu tsini a jere a kafaɗa kamar rawanin sarauta, bakinta dogo ne mai faɗi, wutsiyarta doguwa siririya a buɗe. Masu wayo suna goge ƙulle-ƙullen da magagari su kuma datse wutsiyar, amma in ka karkata ta a haske za ka ga wurin da aka goge ya fi sauran jiki lafewa, layukan girma sun yanke a nan. Akwai kuma riga. Shankha in ta fito daga teku tana da wata fata mai ruwan ƙasa a bayanta, mai laushi kamar karammiski. Wadda ba a taɓa ba, da ragowar wannan riga a jikinta, ta fi wadda aka wanke tas sauƙin tantancewa, ko da yake ba ta kai ta kyan gani ba.

Sai dai masu zambar ma sun ji labarin kunyoyin, don haka suka shiga ƙera su. Wasu sukan kwaɓa garin ɓawo da danƙo su manna a ginshiƙin 'yar Amurka, wasu su sassaƙa ramuka da injin haƙa har tudu ya bayyana a tsakani. A nan sai ka fahimci yadda dabbar ke gina gidanta. Ba a rana ɗaya take yi ba. Tun tana ƙarama take ƙara ɓawo a gefen baki, tana naɗewa tana girma, kunyoyin kuma suna tafiya tare da ita. Saboda haka kunyar gaske ba a bakin ƙofa ta tsaya ba, tana kewaya ginshiƙin ta shige ciki, hawa bayan hawa, har can kusa da tsini, kamar zaren noti. Haska tocila ka bi ta da ido: ta gaske za ta lanƙwasa ta ɓace a bayan kwana ba tare da ta ƙare ba, launinta da sheƙinta iri ɗaya da bangon da take kai, babu gaɓa. Ta ƙirar hannu takan mutu a inda yatsa ko injin maƙerin ya daina kaiwa, kuma sau da yawa za ka ga wani siririn layi a gindinta inda danƙo ya haɗu da ɓawo. In kuɗin da ake magana masu yawa ne, a kai ta a yi mata hoton ƙashi irin na asibiti. Hoton zai nuna ginshiƙin tun daga tsini har wutsiya, ko kunyoyin sun bi kowane hawa ko ba su bi ba, kuma zai tona duk inda aka yanka aka haɗa. Kuɗin hoton bai taka kara ya karya ba in aka gwada da kuɗin katantanwar. Ɗan kasuwar da ya ƙi yarda a yi wannan kafin biya, ku bar masa kayansa.

Ka yi hattara da wadda aka lulluɓe da azurfa ko tagulla, musamman in ƙarfen ya rufe tsini da leɓe da ginshiƙi. Ado ne da aka saba yi wa na gaske ma, amma babu inda ya fi shi daɗin ɓoye aibi. Akwai kuma waɗanda ba ɓawo ba ne sam, an zuba roba ne a mazubi. Waɗannan ba su da wuya: ba su da sanyin dutse a hannu, allura mai zafi tana shiga jikinsu da wari, kuma sukan zo biyu ko uku iri ɗaya sak har da tabo a wuri ɗaya.

Za a kawo muku wasu gwaje-gwajen da ba su da tushe. Za a ce ka kara ta a kunne, in ka ji rugugin teku ko wata kalma mai tsarki, ta gaske ce. Kara kofin shayi a kunnenka za ka ji irin wannan, domin ƙarar da ke kewaye da kai ce take kai-komo a cikin rami. Za a ce sa hannun dama ka ga ya shige daidai. Wannan juyi kawai yake nunawa, kuma 'yar Amurka ma za ta ci wannan jarrabawa. Ɗigon ruwan tsami zai yi kumfa a jikin kowane ɓawo, na Mannar ko na Florida. Takardar shaida mai hatimi kuwa, duba ko ta rubuta sunan jinsin ƙarara. In ta ce "katantanwar teku ta asali mai buɗewa dama" ta tsaya nan, to gaskiya ta faɗa, kuma wannan gaskiyar ta hau kan 'yar Amurka daidai wa daida. Kama da wane ba ta wane. Abin da kuke so ku gani a rubuce shi ne Turbinella pyrum, da sa hannun wanda ba shi da kaso a cinikin.

Ko da yake ba ka tambaya ba, a matsayinka na ɗalibin kimiyya ya kamata ka san dalilin ƙarancinta, don shi zai ƙarfafa maka gwiwa in ana ja da kai. Juyin katantanwa tun a ƙwai ake yanke shi, lokacin da ƙwayoyin halitta ke rabuwar farko-farko, kuma abin mamaki, gadon uwa ne ke yanke hukuncin, ba na ɗan ba. An gano haka tun 1923 a kan wani ƙaramin dodon koɗi na tafki, kuma a 2016 masu bincike suka danganta shi da wani ƙwayar gado guda. Wanda ya fito a juye a cikin jinsin da kowa ke dama yana da babbar matsala, domin ba ɓawonsa kaɗai ya juya ba, har gaɓoɓin jikinsa, don haka barbara da sauran tana yi masa wuya. Akwai wani dodon koɗi na lambu mai hagu da aka samu a Ingila a 2016, aka sa masa suna Jeremy, sai da Jami'ar Nottingham ta yi shela a kafafen labarai kafin a samo masa irinsa. Wannan ne ya sa juyayyun ba sa yaɗuwa, suna ɓullowa jefi-jefi su wuce. Ita kuwa 'yar Amurka, tunda kusan dukansu a juye suke, ba su da wannan damuwa.

Kuma kada ka raina ta. Ita ba ta yi wa kowa ƙarya ba, mutane ne suka laƙaba mata sunan da ba nata ba. 'Yan asalin Amurka sun girmama ta ƙarnuka da dama kafin zuwan Turawa, suna yin kofunan bukukuwan addini da duwatsun wuya da ita, ana fataucinta har can tsakiyar ƙasar nesa da teku. Mu ma mun san irin wannan labari a tarihinmu. Wuri, wato ƙaramin ɓawon tekun da kakanninmu suka yi ciniki da shi, wanda har kalmar kuɗi ta samo asali daga gare shi, daga tsibiran Maldives yake zuwa, a wannan teku na Indiya. A tsakiyar ƙarni na 19 fataken Jamus suka shiga lodo wani mai kama da shi daga Zanzibar, mai araha, suka cika kasuwannin Afirka ta Yamma har darajar wuri ta zube.

Yanzu abin da za ka yi. Kada a biya ko sisi a kan hoto, cinikin biri a sama ke nan. A kawo ta hannu, ku gwada ta da ta yau da kullum, ku duba kunyoyin, ku ɗora a sikeli. In ta tsallake duk wannan, ku nemi masani wanda ba ɗan kasuwa ba. A nan Chennai akwai reshen nazarin halittun teku na hukumar binciken dabbobi ta Indiya, akwai kuma cibiyar binciken kamun kifin teku ta ƙasa, mai hedikwata a Kochi, da rassa a Mandapam da Thoothukudi. Ko malamin sashen nazarin dabbobi na jami'arku zai iya gane jinsin cikin minti biyu.

Sannan ka yi wa Mama magana da ladabi, ta bakin ɗanta in ya fi sauƙi. Kada ka ce mata an so a cuce ta, wannan yana da ciwo ga wanda ya daɗe yana buri. Ka sa mata ta yau da kullum a hannu, ka kama yatsanta ka ɗora a kan kunyoyin, sannan ka ba ta ɗayar ta shafa da kanta. Gani ya kori ji. In ta tambaye ka me za ta saya, gaskiyar ita ce shankha ta yau da kullum, mai nauyi, marar tsaga, ta mashigin Mannar, ta fi kusa da abin da take nema nesa ba kusa ba a kan baƙuwar da aka wanke da bilic, domin aƙalla jinsin ne na ainihi.

In kana so in duba muku, turo hotuna huɗu, duka a kan jarida kuma da abin awo a gefe: ɗaya daga gaba baki yana kallon kyamara, ɗaya daga baya, ɗaya daga sama ta wajen tsini, na huɗu kuma na cikin baki da hasken tocila a kan ginshiƙin. Ka rubuto nauyinta a giram da tsawonta a santimita.